Zama da cutar Parkinson a Legas: agogon magani, abinci da tsarin gida

Idan dattijo ya fara karkarwar hannu ɗaya alhali yana zaune bai ɗauki komai ba, takunsa ya gajarce, hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya, fuskarsa ta daskare kamar mai fushi, abin da ake fara cewa a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago shi ne tsufa ne, ko sanyi, ko kuma jifa aka yi masa. A haka ake cinye shekara biyu ko uku kafin a kai ga likitan da zai kira cutar da sunanta. Sunan na wani likita ne na Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a 1817. Ita ce ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali, aka tabbatar masa da ita a 1984, ya rayu da ita har 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ɗauke da ita sun haura miliyan 8.5.

Tushen cutar a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa motsin jiki ya zo da sauƙi, kuma a kan lokaci. Ƙwayoyin ne ke mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, motsi ya yi jinkiri. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano ko buta. Ta kuma sha bamban da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faɗowa rana ɗaya. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai wanda ke mayar wa mutum da motsinsa na sa'o'i, kuma a kan waɗannan sa'o'in ake gina yinin mara lafiya gaba ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja zai gan shi sau ɗaya a wata uku ko shida. Sauran kwanakin duk a hannun mara lafiya da mutanen gidansa suke.

Magani da agogo

Babban maganin shi ne levodopa, wanda ake haɗa shi da carbidopa a ƙwaya ɗaya, kamar Sinemet, ko da benserazide, kamar Madopar. A jikin kwalin za ka ga lamba biyu, misali 25/100 ko 25/250. Babbar lambar ita ce yawan levodopa. A duba ta duk lokacin da aka sayo sabo, domin mai kemis kan miƙo wanda yake da shi a kanta, kuma ƙwayar 250 ta ninka ta 100 sau biyu da rabi. Wanda ya saba da ƙarama aka ba shi babba zai yi ta tashin zuciya da jiri. Wanda aka mayar daga babba zuwa ƙarama kuwa sai a ga ya sandare, a ɗauka cutar ce ta tsananta.

Levodopa ba ya daɗewa a jini. Cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A shekarun farko ƙwaƙwalwa na iya ajiye wani abu ta riƙa tsakura, shi ya sa jinkirin awa ɗaya ba ya nunawa. Bayan wasu shekaru ajiyar kan ƙare, sai ya zama makarar minti talatin kawai ta isa ta hana mutum tashi daga kujera. Saboda haka idan likita ya ce sau uku a rana, a nemi ya faɗi ƙarfe nawa da nawa, a rubuta, a saita ƙararrawar waya a kan kowanne.

Mutane da yawa kan ɗaura shan magani da lokutan salla don kada su manta. Niyyar mai kyau ce, sai dai tazarar ba ta daidaita ba. Daga Asuba zuwa Azahar ya kai awa bakwai ko fiye, daga Azahar zuwa La'asar kamar awa uku, daga Magariba zuwa Isha kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya bi wannan zai wuni da safe magani ya sake shi, da yamma kuma ya taru masa. Ƙararrawar waya ta fi, ga misali ƙarfe 6 na safe, 11 na safe da 4 na yamma, in haka likita ya tsara.

Sai kuma cunkoson Legas. Wanda ya fito daga Ikorodu ko Ojo da niyyar awa ɗaya a hanya yana iya kwashe uku a cikin danfo. Kada a fita sai da maganin yini guda a aljihu, cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, da ruwan leda ko ƙaramar gora. Kada a bar magani a mota cikin rana ko kusa da risho, zafi da laima suna lalata shi. In ƙwayar mai sakin magani a hankali ce, wadda aka rubuta CR a jikinta, ba a dakawa kuma ba a taunawa. In fitsari ya yi duhu kaɗan bayan fara levodopa, wannan sananne ne, ba abin tsoro ba ne.

Abu ɗaya da ya kamata kowa a gidan ya haddace: ba a dakatar da levodopa rana ɗaya. Yin haka na iya jawo zazzaɓi mai zafi, sandarewar jiki gaba ɗaya da ruɗewa, kuma yana iya kisa. Maganin na da tsada, wani lokaci kuma yakan yanke a kasuwa, shi ya sa ake sayen sabo tun da sauran na mako biyu a hannu. In kuɗi ya gaza, a gaya wa likita ƙarara ya sake tsari daidai ƙarfin aljihu, ya fi a riƙa tsallake rana a ɓoye. A sayi magani a babban kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai shirin tafiya gida Arewa hutun salla ko biki ya ɗauki wanda zai ishe shi har da ƙarin mako biyu, tare da takardar likita, domin ba kowane gari ake samunsa ba.

Abin da aka ci kafin a sha

A ƙaramin hanji ake tsotse levodopa, kuma ƙofar da yake bi ita ce wadda sinadaran abinci mai gina jiki ke bi, a hanji da kuma wajen shiga ƙwaƙwalwa. In suka haɗu sai su yi cunkoso, magani ya makara ko ya ƙi aiki sam. Nama, kifi, ƙwai, wake, ƙosai, alale, awara, madara da nono duk suna cikin wannan sahu. Ɗauki mutumin da ya zauna teburin mai shayi ƙarfe bakwai, aka haɗa masa shayi mai kaurin madara da wainar ƙwai uku, ya kora da ƙwayarsa, sannan ƙarfe tara yana mamakin abin da ya hana ƙafarsa ɗagawa. Da ya sha ƙwayar da cikakken kofin ruwa ƙarfe shida da rabi, da shayin bai tare mata hanya ba.

Ƙa'idar ita ce minti talatin kafin abinci, ko awa ɗaya bayansa. In maganin na tayar da zuciya a cikin da babu komai, a haɗa da ɗan biskit, yankan burodi, ayaba ko koko marar madara. Ba kowa ne wannan matsala ke damu ba, ta fi bayyana ga waɗanda suka daɗe a kan magani. Kuma ba a ce a daina cin nama da wake ba, domin mai wannan cuta yana saurin ramewa. Abin da ake yi shi ne a matsar da tsire, kifi da wake da shinkafa zuwa abincin dare, lokacin da an gama zirga-zirgar yini. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana riƙe levodopa a hanji, a raba su da aƙalla awa biyu.

Taurin bayan gida kuwa ana jin kunyar faɗarsa, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke hana magani aiki. Cutar kanta tana rage motsin hanji, sau da yawa tun shekaru kafin karkarwa ta bayyana. A sha ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, sai in likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A yawaita miyar kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, gwanda, lemu da kankana. In an kwana uku ba a zaga ba, a nemi likita ya rubuta mai sassauta ciki.

Game da azumi, wanda ke shan magani sau uku ko huɗu a yini ba zai iya matse su tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da ya wuni a sandare ba, ga ƙishirwa na ƙara jiri da faɗuwa. A zauna da likita wata guda kafin Ramadan, a kuma tuntuɓi malami. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa yana da hanyar ciyarwa.

Magungunan da ke mayar da hannun agogo baya

Nan ne ake yawan samun ɓarna. Zazzaɓin cizon sauro ya kama Baba, yana amai, aka kai shi kemis na kan layi, aka yi masa allurar tsayar da amai. Washegari ya kasa juyawa a kan gado. Dalili shi ne wasu magungunan amai da jiri, irin su metoclopramide da prochlorperazine, wanda aka fi sani da Stemetil, suna toshe aikin dofamin a ƙwaƙwalwa. Haka haloperidol da chlorpromazine da ake ba masu ruɗewa, kuma promethazine ma ana kauce masa. A rubuta waɗannan sunaye a kati, a ƙara da sunan cutar da jerin magungunan da yake sha da lokutansu, a saka a aljihun rigarsa. Duk inda za a ba shi magani, a fara miƙa katin. In an kwantar da shi a asibiti, mai jinya ya gaya wa ma'aikatan ɗakin tun ranar farko cewa ƙwayoyinsa suna da sa'o'insu na kansu, waɗanda ba lallai su dace da zagayen rabon magani ba.

Benzhexol, wanda ake kira Artane, yana da arha kuma yana rage karkarwa, shi ya sa ake yawan rubuta shi. Amma ga tsofaffi yana kawo mantuwa, ruɗewa, gane-gane, bushewar baki, taurin ciki da riƙewar fitsari. In dattijo ya fara ganin mutane a ɗaki alhali babu kowa, a fara duba magungunansa kafin a ce iska ce. Wani rukunin kuma, irin su pramipexole, ropinirole da bromocriptine, yana iya sauya halin mutum: wanda bai taɓa caca ba ya faɗa cacar ƙwallo a waya, ko kashe kuɗi ba lissafi, ko yawan ci, ko sha'awa fiye da kima. Iyali kan rufe wannan don kunya. A gaya wa likita, domin rage maganin kan gyara lamarin. Wannan rukunin kuma yana kawo barci kwatsam, don haka direba ko ɗan acaba sai ya tattauna batun tuƙi da likitansa.

Akwai masu sayar da garin 'ya'yan karara, wadda Yarbawa ke kira werepe. Gaskiya ne akwai levodopa a cikin ƙwayarta, amma yawansa ya bambanta daga buhu zuwa buhu, kuma babu carbidopa da ke rage tashin zuciya. Wanda ya haɗa ta da maganin asibiti ba da sanin likita ba, ya ƙara wa kansa adadin da ba a auna ba.

Ƙafa, ƙofa da banɗaki

Faɗuwa ce ke karya ƙugu, karayar ƙugu kuma ita ce ke kwantar da mutum. Yawancin faɗuwa a cikin gida ake yin ta, wajen juyawa, wajen shiga ƙofa, ko hanyar banɗaki da dare an ɗauke wuta.

Akwai abin da ke faruwa a bakin ƙofa ko lungu mai matsi: ƙafafu su manne da ƙasa kamar an zuba musu danƙo, gangar jiki kuma ta ci gaba da tafiya. Abin da yaro kan yi shi ne ya kama hannu ya ja, wannan kuwa shi ne kayar da shi. Ka tsaya a gefensa ka ce, “Baba, tsaya tukuna. Miƙe sosai. Karkata dama, karkata hagu. To, bismillah, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.” Ko ka sa ƙafarka a gabansa ka ce ya tsallake. Ƙwaƙwalwar ta rasa tafiyar da ke zuwa da kanta, amma tana iya bin ƙirga ko layin da ido ke gani. Saboda haka a manna layukan salatif mai launi a ƙasa, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, a bakin ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Wajen juyawa kuma a yi kwana mai faɗi da ƙananan taku, kada a murɗa a kan ƙafa ɗaya.

A naɗe tabarma da dardumar da ke kan hanya, a ɗauke wayoyin caji daga ƙasa. A bar silifas, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. Wando ko zanen da ke jan ƙasa a rage masa tsawo, babbar riga kuma a bar ta sai ranar da akwai mai rakiya. A gidan haya mai banɗaki ɗaya a ƙarshen baranda, a ajiye fitila mai caji da bokiti mai murfi a ɗaki don dare. Masai na tsuguno yana da wuyar tashi, a sa kafinta ya yi kujera mai rami, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Wanka da alwala a yi su a zaune a kan kujerar roba mai ƙarfi. Katifar ƙasa ma a ɗaga ta a kan gado mai tsayin gwiwa. Wajen tashi daga kujera: a matso bakinta, a ja ƙafafu baya ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo gaba, a dafa hannun kujera, sannan a miƙe.

Jiri lokacin miƙewa yana da nasa dalili. Cutar da maganinta duka suna sa awon jini ya faɗi in an tashi tsaye. Ana gane shi a gida da na'urar awo: a kwanta minti biyar a auna, a miƙe a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, a kai wa likita, musamman in ana shan maganin hawan jini. A zauna bakin gado minti ɗaya kafin a miƙe da safe. Ɗagowa daga sujada zuwa tsayuwa da sauri yana daga wuraren da abin ke kamawa, kuma an halatta wa wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune.

Motsa jiki magani ne na biyu, kuma ba a sayensa. Abin da ake so shi ne minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, a lokacin da ƙwaya ke kan aikinta, kamar awa ɗaya bayan an sha. Tafiya da manyan taku, dunduniya ta fara taɓa ƙasa, hannuwa suna lilo da gangan. Titin da ke da buɗaɗɗen kwalbati da 'yan acaba bai dace ba, harabar masallaci ko filin makaranta da sassafe ya fi. A ƙara da tashi da zama daga kujera sau goma, safe da yamma. Manyan asibitocin nan biyu, LUTH da LASUTH, suna da sashen gashi da motsa jiki, a nemi likita ya tura can ko da sau biyu ne, a koyo a dawo gida a ci gaba.

Murya ma tana dushewa, mai ita kuma bai san ta yi ƙasa ba. Karatun Alƙur'ani ko na jarida da murya sama, minti goma zuwa sha biyar kullum, atisaye ne mai kyau. Wajen cin abinci a zauna a miƙe, ƙananan loma, a sunkuyar da haɓa kaɗan lokacin haɗiya, kada a yi hira da abinci a baki, kuma kada a kwanta sai bayan minti talatin. Tari a kan ruwa ko shayi alama ce cewa wani abu na bin hanyar iska, kuma ciwon huhun da ke biyo bayan haka yana cikin abubuwan da suka fi hallaka masu wannan cuta. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsinke sauƙin haɗiya.

Mutanen gida da ranar asibiti

Fuskar da ba ta motsi takan sa a ɗauka Alhaji fushi yake yi ko ya daina kula mutane. Yana ji, yana fahimta, amsar ce ke jinkiri. A yi masa tambaya ɗaya, a jira. Kada a karɓe masa komai don ana sauri: in zai iya sa hularsa da maɓallin rigarsa cikin minti biyar, a bar shi ya yi, ko tela ya sauya ƙananan maɓallai da manya. Wanda aka hana zuwa kasuwa da masallaci don kada a ga hannunsa na rawa, jikinsa da zuciyarsa duka suke lalacewa. Baƙin ciki, fargaba da mutuwar zuciya suna cikin cutar kanta, daga sauyin sinadaran ƙwaƙwalwa suke, kuma suna da magani. Haka ihu da naushi cikin barci. A faɗa wa likita su kamar yadda ake faɗar karkarwa. Jinyar kuma kada a bar wa Hajiya ita kaɗai. A raba: wannan ya riƙe sayen magani, wancan rakiyar asibiti, wani ya karɓe ta yini ɗaya a mako ta huta.

In jiki ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, da wuya a ce cutar ce ta yi tsalle, domin a hankali take tafiya. A nemi dalili: zazzaɓi, ciwon mafitsara, ciwon ƙirji, taurin ciki, ƙarancin ruwa, ƙwayar da aka tsallake ko sabon maganin da aka ƙara. In akwai zazzaɓi mai zafi da sandarewa, ko ya kasa haɗiye ƙwayarsa, ko ya faɗi ya bugu a kai, asibiti za a nufa nan take. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767.

Ganin likita ɗan lokaci ne, sau da yawa kuma ba da Hausa ake yin sa ba. A tafi da wanda ke kwana da mara lafiya kuma yake jin Turanci, ba wanda aka tsinta a bakin layi ba. Kwana uku kafin ranar, a ɗauki takarda a ja layi uku: lokacin da aka sha ƙwaya, lokacin da jiki ya sake, lokacin da ya sake ɗaurewa. A rubuta abin da aka ci da kuma duk faɗuwa. In akwai motsin da jiki ke yi da kansa, kamar murɗawa ko rangaji bayan an sha magani, a ɗauke shi a bidiyon waya, domin wannan daban yake da karkarwa, alama ce ta magani ya yi yawa a wannan sa'ar, gyaransa kuma daban ne. A zuba dukkan kwalayen magani a leda ɗaya, har da na gargajiya, a tafi da su. A ɗauki ƙwayar rana da ruwa, domin layin asibiti kan wuce ƙarfe sha ɗaya.